In kai shi inda ake "taimakon" yara a jarrabawa?

Tambaya: Malam, ɗana yana SS2, lissafi da Turanci sun gagare shi. Maƙwabta sun ce in daina wahalar da kaina, in tara kuɗi in yi masa rajistar WAEC, jarrabawar kammala sakandare, a wata makaranta ta bayan gari inda ake "taimakon" yara. Mahaifinsa ya rasu, ina tsoron ya faɗi. Yaya zan yi?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinsa. Hajiya, ki riƙe kuɗinki.

Wallahi wannan magana ta ishe ni, kullum sai an kawo min ita ofis. Satar amsa ce, kuma masu wannan sana'a kuɗin marayu suke ci. Za su ce miki kiredit biyar tabbas, har da Turanci da lissafi. Ba za su gaya miki cewa WAEC da NECO na riƙe sakamako, ko su soke shi, idan suka ga amsar yara iri ɗaya ba. Ranar da hakan ta faru, wayar mai makarantar a kashe za ki same ta. Tun 1999 ma akwai doka a Najeriya da ta haramta wannan.

To, a ce ya sha. JAMB, jarrabawar shiga jami'a, fa? Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, shi kaɗai zai zauna, babu malamin da zai rubuta amsa a allo. Idan ma ya lallaɓa ya shiga jami'a, a aji ɗaya ake sallamar irinsu, su dawo gida da takarda mai kyau da kai fanko. Abin da ya fi ƙona min rai, yaron ya ga uwarsa da hannunta ta biya kuɗin maguɗi. Gobe da wane baki za ki ce masa ya ji tsoron Allah?

Kina da fiye da shekara guda. Ki je makarantarsu ta yanzu da kanki, ki tambayi malamin lissafi inda yaron ya tsaya. Sau da yawa tun ƙaramar sakandare aka baro shi, wajen rabawa da ɓangarorin lamba. Da kuɗin nan ki ɗaukar masa mai lesin, ki sayo tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Bayan Isha'i ki karɓe waya, ya zauna kusa da ke awa guda yana karantawa da ƙarfi. Ko ba ki jin Turanci, za ki ji inda yake cijewa. Littafin aikinsa kuma ki riƙa buɗewa duk Juma'a, ki duba ko jan biron malami ya taɓa shi.