Tambaya da Amsa: Ƙaramin Jirgin Filafilai da Ya Ƙi Juyawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ƙera ƙaramin samfurin jirgin Cutty Sark mai ginshiƙan rataye filafilai uku, na sa masa rimot, amma da zarar iska ta buso sai ya kwanta a kan ruwa, kuma idan na murɗa allon tuƙi, wato allon da ke cikin ruwa a bayan jirgin, jirgin ba ya juyawa. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Jirgin da ka zaɓa, wanda aka ƙera a Dumbarton ta Sikotland a 1869, yanzu kuma yake ajiye a Greenwich ta Landan, tsawon gangar jikinsa ya kusa mita 65. Idan ka rage shi sau 48, girman fuskar filafilansa, wato ƙyallayen da iska ke hurawa, zai ragu sau 2,304, nauyinsa kuwa zai ragu sau 110,592, alhali iskar da ke bugunsa tana nan da ƙarfinta. Wannan ne ya sa yake kwanciya. Maganinsa shi ne ka ɗaura masa dogon faranti a ƙarƙashi, da curin dalma a ƙarshensa, wanda za ka riƙa kwancewa bayan ka fito da shi daga ruwa. Allon tuƙin ma ya yi ƙanƙanta, saboda haka ka ƙara masa faɗi da roba mai haske wadda ba a gani a cikin ruwa.

Sai dai abin da nake so ka riƙe shi ne, irin wannan jirgi da filafilansa ake juya shi fiye da allon tuƙi. Kowane ƙyalle yana rataye a sandar gicciye, kuma igiya biyu ne ke karkata sandar, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ka sa ɗan injin sarbo mai kwarkwaro, wato ƙaramin injin da rimot ke juyawa, ya riƙa naɗe ɗaya yana sakin ɗayar. A nan ne masu ƙira da yawa suke shan wahala, domin tsawon da igiya ɗaya take saki ba ya daidaita da wanda ɗayar take ja, sai ka ga zare ya yi sako-sako ya zame daga kwarkwaro ya harɗe a cikin jirgi. Ɗan sifirin ko roba a kan kowace igiya yana ɗauke wannan rarar. Ka guji zaren nailan, domin yana miƙewa. Zaren foliyesta saƙaƙƙe ya fi.

A ganina, kada ka haɗa ginshiƙan uku a kan inji ɗaya. Ka ware wa na gaba nasa, na tsakiya da na baya su yi tarayya a ɗaya. Wajen juya jirgin, idan goshinsa ya fuskanci iska, sai ka karkata sandunan na tsakiya da na baya ka bar na gaba yadda yake, iska ta bugi ƙyallensa ta gaba ta ture goshin zuwa ɗaya gefen, sannan ka karkata na gaban. Ka fara gwaji a rana mai sauƙin iska, kusa da gaɓa.