Ta ce wai ina "spoil" ɗin ɗana, zagi ne ko me?

Tambaya: Salam Malam, ni a Jidda nake aiki a wani asibiti tare da 'yan Filifin da Indiyawa, Turanci muke yi da su. Ran nan na zo da yarona na siyo mishi soyayyar kazar Albaik da alawa sai wata ta ce min "you spoil him" tana dariya, ni kuma lalata na san kalmar ke nufi, raina ya ɓaci. Kuma da na ce mata mukayyif (wato AC) ɗin ɗakinmu "has spoiled" sai ta tsaya kallona. Dan Allah a warware min.

Amsa: Wa alaikissalam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki ba zaginki ta yi ba. In Bature ya ce kina spoil ɗin yaro yana nufin kina shagwaɓa shi, irin abin da Larabawan nan ke ce wa mudalla', kuma tunda dariya take to kusan yabo ne ma, wato kina ji da shi. Inda za ki ɗaure fuska shi ne in aka ce "spoiled brat", wannan kam sangartaccen yaro ne mara kwaɓa wanda in ya ga abu a baƙala (kanti) sai ya kwanta a ƙasa yana birgima har sai an siya mishi. Mu Hausa ta raba mana, akwai gata akwai shagwaɓa akwai sangarta, su kuma kalma ɗaya ce ta kwashe duka sai dai ki duba fuskar mai maganar da muryarta. Har babba ana yi wa, miji ya kai matarsa kasuwar Balad ta Jidda ya siya mata turare da abaya sai ta ce "he spoils me", ba ƙararsa take kawowa ba, daɗi take ji.

Toh maganar mukayyif nan ne nake so ki tsaya sosai dan kusan dukkanmu muna faɗawa ramin nan. A Hausa mota ta lalace, waya ta lalace, miya ta lalace, a Larabcin Saudiyya ma kharban ɗin nan, wato lalatacce, ya isa komai, a Najeriya kuma an saba jin "motor don spoil", sai mu ɗauka haka Turancin yake ko'ina. A Turancin Ingila da Amurka abin da ke spoil da kansa shi ne abinci, nama ko madara ko kifi da kika bari a waje cikin zafin Jidda aka wayi gari yana wari. Na'ura kuwa sai ki ce "it's broken" ko "it's not working", mota ta mutu a hanyar Makka ki ce "it broke down". Wlh na sha gyara wa ɗalibaina wannan, wasu sun yi digiri amma har yau bakinsu bai saki ba, kuma ni ban ga laifinsu ba tunda haka suka tashi suna ji.

Amma mutum zai iya spoil ɗin wani abu, wato ya ɓata shi, kamar ruwan sama ya ɓata muku fita ko wani ya ɓata taron biki da rigima. Daga nan spoiler ta fito, wanda zai gaya miki ƙarshen fim tun ba ki kalla ba. Ƙuri'ar da aka dangwala ba daidai ba ita ma "spoilt ballot" ake ce mata.

Asalin kalmar daga Latin ne, spolium, fatar da aka feɗe daga dabba ko kayan yaƙin da aka tuɓe wa abokin gaba, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci wajen shekarar 1300. Shi ya sa har yau "spoils of war" ke nufin ganima, ɗaliban Madina masu karanta Suratul Anfal da fassarar Turanci za su ci karo da ita tun a ayar farko.

Wajen rubutu za ki ga spoiled za ki ga spoilt, duk daidai ne, Amurkawa na farkon suka fi riƙe wa, 'yan Ingila suna yin duka biyun. In abokiyar aikin taki ta sake faɗa ki yi murmushi kawai ki ce mata "just a little".