Ina son zanen keke a jikina: wanne zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Jega, shekarata 23. Tun ina firamare nake kan keke, yanzu kuma duk Asabar ni da abokaina mukan taka zuwa Birnin Kebbi mu dawo. Ina ganin 'yan tseren ƙasashen waje da zanen tatu na keke a hannu ko a ƙafa, abin yana burge ni, nima ina so. Tunda zane sana'arka ce, wane iri ya fi kyau? Ƙanwata ma da ta ga hotunan ta ce sai an yi mata irinsa da lalle.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa, don Jega zuwa Birnin Kebbi a dawo, a ranar nan tamu, ba wasan yara ba ne.

Bari in fara da abin da ba ka tambaya ba. Tatu ba fenti ba ne da ake shafawa a sama. Allura ce ke huda fata tana cusa tawada cikin shimfiɗar da ke ƙarƙashin ta waje, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda saɓa ba ta kaiwa, shi ya sa ake shiga kabari da shi. Mu ma ba baƙonmu ba ne: jarfa da shasshawar da wanzamai suka riƙa yi wa iyayenmu mata hanyarsu ɗaya, aska da baƙi kawai aka musanya da inji. Hukuncinsa kuwa sananne ne, hadisin da ya la'anci mai yi da wadda ake yi wa yana cikin Bukhari da Muslim. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma wannan ko ɗan Islamiyya ya san shi. Ga allurar da aka yi wa wani da ita tana ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C. Ga fatarmu ta baƙar fata da ta fi saurin yin tabo mai tudu. Ga shi in wata rana ka nemi shiga soja, cikin sharuɗɗan ɗauka akwai cewa kada a ga tatu a jikinka. Cirewa kuma sai da na'urar leza, zama bayan zama, kuɗi mai yawa, wani lokaci wurin ya bar fari. Don haka allura dai ban ba ka shawara ba. Amma zanen kansa, wannan akwai magana, kuma akwai wuraren sa shi da yawa.

Abu na farko da nake gwada duk yaron da aka kawo mini koyon aiki shi ne in ce ya zana keke ba tare da ya kalla ba. Za ka sha dariya. Wani ya haɗa sarƙa da tayar gaba, wani ya rataye feda a iska, wani ya ɗora sirdi a kan kai. Alhali surar keke ba ta canja sosai ba tun 1885, lokacin da John Kemp Starley ya fito da kekensa Rover a Ingila: taya biyu masu kusan girma ɗaya, sarƙa tana jan ta baya. Ƙashin jikin keken da muka saba gani alwatika biyu ne da suka jingina da juna, sarƙa kuma kusan kullum a gefen dama take. In ka riƙe waɗannan, da'ira biyu da layuka shida ko bakwai sun isa kowa ya gane keke ne daga nesa. Wannan shi ne zanen da na fi so, kuma shi ya fi wuya, don babu ado da zai rufe maka kuskure. Da'ira in ta karkace, ko makaho ya shafa zai ji.

Wanda ka fi gani a hotunan nan ina jin sarƙa ce da aka naɗe a wuyan hannu kamar warwaro. Tana da kyau, amma aikin haƙuri ce. Tsakanin kowane ƙusa da na gaba a sarƙar keke rabin inci ne cif, kuma gaɓoɓin suna tafiya ne ɗaya ciki ɗaya waje. Mai zanen da bai auna ba, sai ya zo haɗa bakin ya tarar da ciki biyu sun yi karo. A ƙirga gaɓoɓin su zama adadin da ke rabuwa biyu tun kafin a ɗora alƙalami.

Akwai wani da ke ba ni dariya. Ka san tambarin baƙin mai da haƙoran babban giya ke bari a sha-raɓar dama in ka tsaya ka jingina ƙafa? A Turai da Amurka tsofaffin mahaya suna tsokanar sabon shiga da shi, sai wasu suka mayar da abin tsokana abin alfahari, suka zana shi dindindin. Kai kuwa duk Asabar kekenka na yi maka shi kyauta, omo ya wanke.

Sai taya da sifokinta, wato siraran wayoyin da suka tashi daga cibiyarta zuwa gefe. A nan mutane ke zarin ido. Tayar gaske yawanci tana da sifok 32 ko 36, to sai mutum ya ce lallai sai an sa su duka a zanen da bai fi murfin kwalba ba. Layukan da suka matsu haɗewa suke yi, ko a fata, ko a yadi, ko a ƙarfe, bayan ɗan lokaci sai ka ga dunƙulen baƙi. Guda 8 ko 12 sun wadatar.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Baturen da ka gani da zanen tsauni mai lanƙwasa a damtse, hanyar da ya hau ce ya zana, irin tsaunukan da ake bi a tseren Tour de France da aka fara tun 1903. Shi tarihinsa ya rubuta. Kai me ya haɗa ka da dutsen Faransa? In Biniam Girmay ɗan Eritiriya, wanda ya ci koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki, a wannan tsere a 2024, zai iya sa mutanen Asmara, babban birninsu, su cika titi da tutarsu, ban ga dalilin da ɗan Jega zai ari tambarin wani ba. Ɗauki taswirar hanyarku, layi ɗaya daga Jega zuwa Birnin Kebbi, ɗigo a kowane garin da kuke tsayawa shan ruwa, ƙaramin keke a ƙarshe. Ranar da kuka kai Argungu sai a ƙara tsawon layin. Ko a mayar da tayoyin biyu faifai mai launi irin na jeren ɗakin amarya. Ko dagin Arewa ya zauna a cibiyar taya, rassansa su zama sifok. Ko zangarniyar shinkafa ta kewaye taya, tunda ita aka san Kebbi da ita. Na taɓa yi wa wani ɗan Kabawa keke da gora ɗaure a kariya da homa biyu a gefe, kamar mai shirin faɗawa Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifin Argungu; duk wanda ya gani bai tambayi garinsu ba. Ni dai da za a bar ni, tsohon Raleigh ko Phoenix zan zana, baƙi, da ƙararrawa da fitila da famfo a maƙale, irin wanda malaman firamare da masu kai albasa kasuwar Aliero suka ci zamani da shi. Ya fi mini keken tsere kwarjini, amma wannan tsufa ne ke magana.

To a ina za a sa? Bayan rigar da kuke hawa da ita, a buga muku iri ɗaya ku duka. Jikin keken kansa, da fenti ko sitika. Bututun da ya gangaro daga kai zuwa feda shi ya fi faɗi. Hular kwano, amma nan sitika kawai, don wasu fenti da fetur na cin robar su raunana ta. Baduku zai matsa maka shi a fatar sirdi ko jakar kayan faci. Maƙerin farfaru zai iya yi maka zoben azurfa mai siffar sarƙa, har ma tsohuwar sarƙar da ta gama aiki, in an wanke ta da kananzir, tana zama abin rataya makulli. Ga 3 ga Yuni nan, ranar keke ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2018. Ku sa ta zama ranar fito da rigunan.

In kuma ka nace sai ka gan shi a fata ko na kwana biyu ne, akwai na mannawa da ruwa irin na yara. Sai dai ka lura, shi wannan leda ce siririya a kan fata, tana hana ruwa shiga, don haka kada ya hau gaɓar alwala, kuma a kankare shi kafin wankan wajibi.

Ƙanwarka ita ta fi ka sa'a. Lalle rini ne kawai, yana kama saman fata, ba ya tare ruwa, cikin mako 2 zuwa 3 ya bi saɓa ya tafi. Kuma keke ya dace da ƙunshin salatif ƙwarai, tunda yawancinsa miƙaƙƙun layuka ne da reza ke yankawa tsaf. Taya ɗaya a tsakiyar tafin hannu, sifok takwas, sarƙa ta zagaye wuyan hannu, a bar yatsu da jan lalle kamar yadda aka saba. Da'irar a ɗora murfin kofi a yanka, kada a yi da ka. Abin da zan ja mata kunne a kai shi ne dayis. Baƙin nan mai kamawa cikin minti kaɗan yawanci yana ɗauke da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda ke sa wasu fata ta yi bororo ta tashi daidai surar zanen, wani tabon ya daɗe bai ɓace ba. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa sau ɗaya, karo na biyu ya kan fi muni. Ta ce wa mai ƙunshin jan lalle na ganye take so, a kwaɓa a gabanta, ta yi haƙurin awannin da zai ɗauka kafin ya kama.

Kai kuma ka fara da takarda da biro. Zana kekenka sau goma yana jingine a gabanka, ka ɗauki hoton wanda ya fi ka turo mini, in duba inda ka sa sarƙar.