Danƙo zai iya kamo bindiga a ƙarfi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A nan Mai Wurno, a ƙasar Sudan, samari kan taru da yamma a bakin kogi suna gasar harbin gwangwani da danƙo, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nibla. Wani ya rantse cewa idan aka ninka roba huɗu, ƙarfinsa ya kai na ƙaramar bindiga. Gaskiya ne? Kuma me ke sa dutse ya riƙa bugun gwafar?
Mai karatu daga jihar Sinnar

AMSA: Wa alaikumus salam, malam. Mai rantsuwar nan ya shirya kaffara. Ƙarfin harbi ya dogara ne a kan nauyi da gudu, amma gudun ya fi tasiri, domin in ya ninku biyu ƙarfin ninkuwa huɗu yake yi. Ƙwallon ƙarfe mai kaurin milimita 9.5 nauyinsa kusan giram 3.5 ne, kuma danƙo mai kyau kan jefa shi mita 60 zuwa 70 a daƙiƙa. A ma'aunin ƙarfi na jul, wannan 6 zuwa 9 ke nan. Harsashin ƙaramar bindiga mai lamba .22 ya haura jul 130, na AK-47 kuwa wajen 2,000. Ko kusa ba su haɗa hanya ba.

Ninka roba ba ya cike wannan giɓi, saboda roba tana da iyakar saurin da take komawa. Ƙarin kauri dama ce kawai ta jefa abu mai nauyi. In ka sa masa ƙaramin dutse, rarar ƙarfin a bayan hannunka za ta ƙare, robar ma ta yi saurin tsinkewa.

Ga yadda ake yanka ta daidai. Auna tun daga gwafa har kuncinka idan ka ja, ka raba gida biyar: wanda jansa santimita 75 ne, robar santimita 15 yake buƙata tsakanin ɗauri da ɗauri. A yanka ta da faɗin milimita 20 a wajen gwafa, ta tsuke zuwa 15 a wajen fata, don tsukewar tana ƙara gudu. Tub ɗin mota na yanzu sanyin jiki gare shi, a nemi robar latex, wato roba ta asali mai miƙewa sosai. Kuma kada a bar ta a rana. Zafin Sudan yana busar da ita har ta tsattsage. Gwafa kuwa, reshen aduwa ko magarya da ya bushe sarai ya wadatar.

Bugun gwafa daga abu biyu yake zuwa: murɗe fata lokacin saki, ko dutse mai kusurwa. Riƙe abin harbin ta bayan fatar da babban yatsa a miƙe, ka buɗe yatsun lokaci guda. Maimakon tsakuwa, mulmula laka ta bakin kogi kamar girman 'ya'yan magarya, ka shanya a inuwa don kada ta fashe.

Amma jul 6 ɗin nan ya isa ya fasa ido. A tsaya mita 10 daga gwangwani, a rataya tsohon bargo sako-sako a bayansa ya tare ƙwallon, a sa tabarau na kariya, a kuma kawar da yara daga gaba. Kafin kowane harbi duba ɗaurin gwafa, don robar da ta kwance daga can fuskarka take nufa.