Ta yaya zan gano asalin kakana da ya zo Jos aikin kuza?

Tambaya: Malam, ni haifaffen Gangare ne a Jos. An ce kakana ya zo daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza. Shin gidan adana takardun tarihi zai taimaka mini in gano asalinsa?

Amsa: Malam, zai taimaka, amma kada ka hau motar Kaduna da sunan kakanka kaɗai a hannu, domin Turawan mulki ba su jera takardunsu bisa sunayen talakawa ba, sun jera su ne bisa lardi da gunduma da shekara. Saboda haka fara zama da tsofaffin gidanku, musamman mata, waɗanda suka fi riƙe zancen aure da haihuwa. Tambaye su sunan ƙauyen da ya baro, da hakimin da ke mulki lokacin, da laƙabinsa, da barikin da ya fara sauka, ko Bukuru ko Barikin Ladi. Idan ba su san shekara ba, tambaya ko kafin yaƙin Hitila ne ko bayansa. Duba kuma gafakar gidan, domin a da malamai sukan rubuta ranar haihuwar ɗa a gefen takarda.

Da wannan guzurin za ka je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda takardun lardunan Arewa suke. Ga abin da ke ɓatar da mutane da yawa: ba a kafa Lardin Filato ba sai 1926, kafin nan yankin Jos yana ƙarƙashin Lardin Bauci. Idan kakanka ya riga wannan shekarar zuwa, fayilolin Bauci za ka nema; idan bayanta ne, waɗanda ke ɗauke da alamar JOSPROF, wato fayilolin ofishin Lardin Filato da ke Jos. Idan kuwa a shekarun yaƙin ya zo, mai yiwuwa yana cikin mutanen da aka ɗebo aikin tilas daga larduna tun daga 1942, sai ka duba takardun Lardin Kano ma.

A ganina, littattafan kotun alkali sun fi komai amfani idan aka dace da su, domin shari'ar gado takan ambaci mamaci da matansa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Yi hattara da rubutun suna: Muhammadu yakan zama Mamman ko Momman, Abdu ya zama Audu, gwargwadon yadda akawu ya ji.

Kana Kaduna, leƙa Gidan Arewa (Arewa House), cibiyar binciken tarihi da adana takardu, sannan a gida akwai tarin rubuce-rubucen Larabci na hannu a Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Tafi da katin shaida, ka rubuta lambar kowane fayil da ka buɗe, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. Takardun sun tsufa, wasu gefensu na marmashewa a yatsa, don haka juya su a hankali.