Kwanukan takarda na zuba cincin da dubulan ranar suna

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah shi raya. Kin ce kina son haɗa 'yan kwanukan takarda na rabon cincin, dubulan da dabino amma wanda kika gwada mai ya ɓata shi. Ni ma haka ta faru da ni a sunan ɗiyar ƙanwata, kafin baƙi su zauna gindin kwanukan duk ya yi shar da mai.

Matsalar takardar ce. Ki nemi kwali mai ɗan kauri wajen masu kayan makaranta a babbar kasuwa, ki yanka shi murabba'i santimita 15, ki ja layi santimita 4 daga kowane gefe da rula ki karya, sai ki tsaga kusurwa ki naɗe ki manne da gam ta waje. Cikinsa kuma ki shimfiɗa takardar gashin kek, ita ke tare mai, kuma ki bari cincin ya huce sarai kafin ki zuba.

Ado duk a waje za ki yi, ribon ko zanen lalle da biron maka, ni zanen lallen nan ya fi burge ni wallahi. Don Allah kar ki sa jarida, tawadarta na bin mai ta shiga abinci, haka ƙusar sitefila tana iya faɗawa yaro ya haɗiye. Kar ki bar su cikin mota da zafin nan na Sakkwato, gam ɗin sakewa yake. Masa da miya kam a bar su a roba.

In sana'a za ki maida shi kina ƙulla cincin na sayarwa, ki leƙa ofishin NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, su yi miki bayanin rajista.