Tambaya da Amsa: Ina Sabbin Littattafai Kan Adar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata lise a nan Tawa. Kullum ɗalibaina sai sun tambaye ni tarihin Adar, ni kuwa abin da ke hannuna bai wuce darussan da na kwafa a jami'a ba. Shin masana na rubuta sabbin littattafai kan ƙasarmu? In suna yi, ina ake samunsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaran nan albarka da suke tambaya.

Ana rubutawa, ba a daina ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, mai bincike zai zo ya zauna a zaurenmu, tsofaffinmu su ba shi labari da Hausa, sannan littafin ya fito a Faransa ko Ingila, kuɗinsa ya kusa na buhun hatsi. Ina malamin lakkwal zai kai?

Wanda zan fara nuna maka shi ne na Benedetta Rossi, From Slavery to Aid, da aka buga a Kambirij a 2015. Kan Adar ne kacokan, daga 1800 zuwa 2000. Ta bi sawun aikin ƙarfi a ƙasar: zamanin bauta, aikin tilas na Nasara, har zuwa aikin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, inda mata suka fi yawa a fagen aiki saboda maza sun tafi biɗa. Da Ingilishi yake, sai ka nemi abokin aikinka mai koyar da harshen ku riƙa zama tare.

Akwai kuma na Camille Lefebvre, Des pays au crépuscule, na 2021. Shi Damagaram da Agadas ya duba a lokacin shigowar Faransawa, da kisan Cazemajou, wani hafsan sojan Faransa, a Zinder, babban birnin Damagaram, a 1898. Ba Adar ba ne, amma zai taimake ka a darasin mulkin mallaka.

Sai dai kada sabo ya sa ka manta da tushe. Littafin Djibo Hamani, L'Adar précolonial, tun 1975 ya fito cikin jerin Études Nigériennes, kuma har gobe duk mai rubutu kan Adar sai ya ratsa ta kansa. Da shi za ka fara. In hutu ya kawo ka Yamai, ka shiga ɗakin karatu na IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Yamai, ka tambayi littafin, ka kuma leƙa ɗakin karatun jami'ar Tawa tun kafin nan. Cibiyar LASDEL kuwa tana sa rahotannin bincikenta kan lafiya, sarauta da zaman karkara a intanet kyauta, ko a wayarka sai ka sauke.

Roƙona gare ka ɗaya ne. Abin da ka karanta, ka juya wa yaran da Hausa, ka tura su gida su tambayi kakanninsu. Na gwada da kaina. Bara na zauna da gwaggona a tsakar gida tana tsince wake a faifai, ina fassara mata abin da aka rubuta kan Keita. Da na zo kan matan da ke ɗaukar duwatsu ana biyansu da abinci, sai ta aje faifan, ta kama hannuna ta ɗora a tsakiyar kanta, inda gammo ya cinye gashi. Ta lissafa mini matan da suka yi layi tare, da wadda ke aiki da goyo a baya, da waƙar da suke yi in rana ta take. Har aka kira magariba ba ta gama ba, ni kuwa takardar da na zo da ita ta cika gaba da baya.